Huhun da Kakana Ya Ƙera wa Motata

Shekarun baya, lokacin da nake da baki cike da magana amma aljihu ba komai, na taɓa mallakar wata mota. Na ce mallaka ne don makullin yana hannuna, amma gaskiyar magana ita ce ta mallake ni. Irin tsofaffin nan ce ƙirar Jamus, waɗanda direbobin hanyar Jibiya ke cusa wa mutum takwas da buhun gero uku, su leƙo ta taga su ce saura mutum ɗaya. A takarda ja ce. A ido kuwa ƙofa ɗaya ja, ɗaya fara, murfin but kuma wani launi ne da ko mai fentin bai san sunanshi ba. A unguwarmu Kambarawa lokacin ba a buƙatar agogo. In aka ji ta yi tari uku ta rufe da atishawa, an san na fito, mata su fara kora 'ya'yansu makaranta.

Babban ciwonta numfashi ne. Ku da ba ku taɓa buɗe bonet ba, akwai wani akwatin roba a ciki inda iska ke bi ta ratsa matata, ta bar ƙasa da datti, sannan ta wuce cikin inji. Kanikawa na ce mashi iyakilina. To nata ya tsage tun a hannun wanda ya saya kafin wanda ya sayar mani, an ɗaɗɗaure shi da robar tib. Sai ɓera ya zo ya ga abin ya yi mashi, ya cinye tiyon da ke haɗa shi da kafireta, inda iska ke haɗuwa da mai. Daga nan ta koma shaƙar zafin inji da yashin titi kai tsaye. Bakin da ya rage kuma yana reto can ƙasa kusa da taya, ko ruwan wanki aka watsa a lungu ta taka, sai ta shaƙe ta mutu. Na tura motar nan har ƙafafuna suka yi ƙwanji kamar na ɗan dambe.

Bakanikena wani dattijo ne mutumin Filato, ya daɗe a Katsina har Hausarshi ta fi tawa Katsinanci. Mutum ne da ba ya rufa wa mota asiri. Ya duba ya ce babu dabara, sai an samo wani akwatin daga Kano, na hannu. Da ya faɗi kuɗin, na tambaye shi ko da direba ake haɗowa. Ya ce in ba zan saya ba in ci gaba da turi, ai motsa jiki ne, likitoci ma suna so.

Ranar da abin ya faru, ta mutu mani ne daidai Ƙofar Marusa, taku kaɗan daga rumfar kakana na wajen uwa.

Bari in gaya maku ko wane ne shi. Maƙeri ne, amma ba na garma da fartanya ba. Na farin kwano ne da gwangwani. Bokiti, mazurari, ludayin awon mai, murhun gawayi, akwatin ƙarfe na amare, duk hannunshi ya yi su tun kafin a haifi mahaifiyata. Akwai lokacin da in ka shiga gida goma a cikin birni, sai ka ishe aikinshi a tara, na goman kuma aro suke zuwa yi. Sai roba ta zo. Bokitin roba, mazurarin roba, komai roba, mai sauƙi, mai launi, ya fashe ka yar ka sayi wani. Rumfar ta koma wurin da tsofaffi ke zama su gaisa. Kawunnaina suka taru suka ce ya isa haka, ya huta, akwai mai son rumfar zai sa sana'ar cajin waya. Tsohon bai yi gardama ba. Ya ce su bar shi zuwa ƙarshen watan da za a shiga, in wata ya mutu babu wanda ya zo neman aikin hannunshi da gaske, ba don tausayi ba, da kanshi zai kai masu makulli. Kowa a dangi ya san maganar nan. Ni ma na sani. Ku riƙe wannan, don nan gaba za ku so ku zage ni, kuma kuna da gaskiya.

Tsakanina da shi wasa ne irin na jika da kaka. Ni ina ce mashi Tsoho, ina ce wa kakata amaryata, kullum ina yi mashi barazanar zan ƙwace ta. Shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai ja'iri. Da ya hango ni ina turo mota ni kaɗai, gumi har cikin takalmi, sai ya gyara zama ya ce ashe jakin nawa ya sake zaman dirshan, in kawo shi inuwa a ba shi dusa.

Na ce, "Tsoho, wannan ba bokiti ba ce. Aikin Turawa ne, ka bar shi kawai."

Ya ce, "Buɗe mani cikinta in gani, ja'iri. Ai gani ba a biya."

Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarshi. Ko keke, in ya hau sai ya yi addu'ar tafiya mai nisa. Na buɗe don in samu abin tsokana. Ya leƙa ya daɗe, ya tambaye ni mi wannan ke yi, mi wancan ke yi. Na yi mashi bayani irin na wanda shi ma rabin abin ji ya yi a garejin kanikawa: mai na shiga nan, iska na shiga nan, su haɗu wuta ta tashi a ciki, mota ta tafi. Sai ya yi dariya har haƙorinshi guda biyu suka fito.

Ya ce, "To ai maƙera ce. Wuta a ciki, tana son zuga. Kai ka taɓa ganin maƙerin da ya tura bakin zugazuginshi cikin wuta? Iska mai sanyi take so, mai tsabta, kuma ta zo mata a miƙe. Kun bar baiwar Allah tana shaƙar hucin kanta."

Na tsaya ina kallonshi. Abin da bakanike ya yi wata uku yana faɗa mani da Turanci ke nan.

Washegari da hantsi ya sa na dawo da ita. Na ishe ya aika gida an karɓo kaskon turaren wuta na kakata, da garwashi a ciki. Na ce ko rukiyya za a yi wa motar, don ni ma na daɗe ina zargin ba ita kaɗai ba ce. Bai kula ni ba. Ya ce in tayar da ita, in riƙe kaskon a gabanta, in bi da shi sannu a hankali daga wannan fitila zuwa waccan. Ya barbaɗa turare, hayaƙi ya tashi, shi kuma ya duƙa yana bin hayaƙin da ido, yana ganin inda yake shiga da inda yake juyawa ya dawo. Can sai ya sa bayan hannunshi cikin bonet ɗin, yana matsar da shi nan da can kamar mai duba zazzaɓin jariri, yana cewa nan wuta, nan ma wuta, nan da dama. Har ya kai wani lungu a sama, bayan fitilar dama, inda hayaƙin ke kutsawa da kanshi kuma hannu bai jin zafi. Ya ɗora yatsa ya ce nan ne hancinta.

Sati guda motar nan tana ƙamshin ɗakin amarya. Duk wanda na rage wa hanya sai ya yi mani Allah ya sanya alheri.

Bai auna komai da tef ba. Zare ya ɗauka, ya ja daga nan zuwa can ya ƙulla, ya sake ja ya ƙulla, har zaren ya zama kamar carbi. Ya yanka kwali ya fara gwada siffar da shi, ya sa ya cire, ya rage ya ƙara, sai da kwalin ya zauna daram sannan ya taɓa ƙarfe. Kayan aikin kuwa, in na lissafa maku za ku ce ƙarya nake, kuma na san ina da tarihi. Babban gwangwanin madara irin na masu shayi, shi ne gidan matata. Ragowar farin kwano da ya rage daga wani murhu, shi ne bututu. Maƙallai biyu da ya ciro daga tsohon akwatin ƙarfe, su ne na murfi, don a riƙa buɗewa ana kakkaɓe matatar. Abin da na saya da kuɗina sabuwar matata ce kawai da guntun tiyo da zobban ɗaurewa, duka ba su kai abin da nake kashewa a tsire ranar albashi ba.

Inda ya ba ni mamaki wurin lanƙwasa ne. Bututun sai ya juya kafin ya kai kafireta. Ni na ce a yi mashi gwiwa ɗaya kamar ta famfo a wuce wurin. Ya ce iska ba ta son a juya ta da ƙarfi, in ka yi mata kwana mai kaifi sai ta tsaya tana gardama a lungun, ya ga haka a bututun murhu shekara da shekaru. Sai ya yanka kwanon gida biyar, kowane da ɗan karkata kaɗan, ya kalmashe bakin kowane cikin na gaba, ya bi da ƙaramar guduma yana daddaɓawa. Da ya gama, abin ya lanƙwaso sumul kamar wuyan tulu. Bakin da zai sha iska ya buɗe shi kamar mazurari. A can ƙasan gwangwanin ya huda ƙaramin rami ya rufe da ɗan guntun fata mai lilo, ya ce ko ruwa ya yi kuskuren shiga, ya samu ƙofar fita kafin ya kai ga wuta. Ya kuma yanka wani faifan kwano ya tsaya tsakanin bututun da gefen injin da ya fi zafi, ya ce wannan katanga ce, maƙwabtaka da wuta sai da katanga.

Kwana uku yana wannan aiki. Hannun da nake gani yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, in ya riƙe almakashin kwano sai ya tsaya cak. Tsofaffin da ke zama rumfar suka daina hira, suka koma 'yan kallo. Kakata ta aiko da fura sau biyu, ta ce a gaya wa angonta, wato ni, kada in bari tsohon nan ya kashe kanshi a kan akwalar da ko kaza ba ta tsoro.

Da ya gama sai ya toshe bakin bututun da ramin fatar nan da tsumma da leda, ya cika abin da ruwa, ya rataye, ya ce mu je mu yi la'asar. Haka yake gwada kowane bokiti. Muka dawo ƙasan wurin a bushe, ko ɗigo. Ya zubar, ya shanya shi a rana. Sannan ya ɗauki ƙusa da guduma ya buga ɗigo uku a gefen gwangwanin, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu. Na ce Tsoho ka ɓata mani kaya, wa ya ce ka yi mashi zane. Ya ce babu abin da ya taɓa fita rumfar nan ba da ɗigon nan ba, don in ya yi yoyo mai shi ya san ƙofar da zai buga.

Na ɗauko bakanikena ya zo ya ɗaura. Ya zo yana gunaguni, yana cewa shi fa ba ya son wasa da inji. Da aka miƙa mashi abin sai ya ɗaga shi yana dubawa. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya sa yatsa ya bi kalmasar, ya hura. Ya ɗaura, abin ya zauna kamar da shi aka haifi motar, ko gugar waya ɗaya bai yi ba. Na tayar. Jama'a, motar da ke tari uku da atishawa ta tashi bugu ɗaya, ta yi wani gurnani mai kauri daga ƙirji. Bakaniken ya cire hularshi, ya je ya durƙusa gaban Tsoho ya ce, "Baba, wa ya koya maka wannan?" Tsoho ya ce wuta.

Ni dai na bi gari ina cewa motar ta ƙara ƙarfin doki hamsin. Bakanike ya ce ko jaki ɗaya ba ta ƙara ba, numfashinta ne kawai ta samu, sai dai man zai ɗan ƙara auki kuma injin zai huta da cin yashi. Ni ban ga bambanci tsakanin maganata da tashi ba, illa tawa ta fi daɗin ji.

Bayan kwana kaɗan aka yi wani ruwa da rana tsaka, irin wanda in an ɗauke titi ke komawa gulbi. Na biyo ta Ƙofar Kwaya na ishe wani kwari ya cika, motoci irin tawa guda huɗu sun mutu a ciki, direbobi sun naɗe wando suna turi. Hankali ya ce in juya. Amma ni da hankali ba mu cika haɗuwa a hanya ɗaya ba. Na sa giya ɗaya na shiga a hankali, ina salati a zuci, a fuska kuwa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ruwa ya kai rabin taya, ya wuce. Ta yi gurnani ta fita ɗaya gefen, ko tari. Har na ɗaga wa masu turin hannu.

Suka biyo ni da gudu. Direbobin tasha ne, masu jigilar ƙauyuka, kuma kusan kowannensu ciwon motarshi ɗaya da na tawa. Suka ce in buɗe. Na buɗe. Farin kwano na ta ƙyalli, ruwa na ɗiga ta ramin fatar nan kamar yadda Tsoho ya ce. Wani babba a cikinsu, mai jan rawani a wuya, ya tambaye ni ina na samo wannan.

Wallahi amsar tana bakina. Ƙofar Marusa, kalma biyu. Amma na dubi yadda suka zagaye ni, na tuna gwangwanin madara ne, na ji kamar in na faɗa za su fashe da dariya. Sai na ji bakina ya ce, "Daga Jamus wani abokina ya aiko mani."

Daga nan labari ya fi ƙarfina. Kafin sati, a majalisarmu ya zama daga jikin motar tsere aka ciro shi. Kafin sati biyu, guda uku ne kacal a Afirka, ɗaya na wurin wani shugaban ƙasa. Mai jan rawanin nan ya neme ni har gida sau biyu, ya ce su bakwai ne suke so, in yi wa abokin nawa magana. Na ce jirgin ruwa sai ya yi wata shida, kuma yanzu teku ta cika. Mutum bakwai. Kullum kuma sai na wuce ta gaban rumfar, in hango Tsoho zaune shi kaɗai yana goge almakashi da tsumma, in danna mashi oda, ya ɗaga hannu. Na san kwanakin watan na tafiya. Ina gaya wa kaina gobe zan gyara maganar, sai in tuna shugaban ƙasar da na sa a ciki, in ce bari dai jibi.

Saura kwana biyu wata ya mutu, mahaifiyata ta ce in kai shi asibiti a duba mashi ido. Lokacin ana wahalar mai, sai muka tsaya wurin wani ɗan bumburutu, magidanci mai furfura a gemu, da galan-galan ɗinshi jere a bakin titi. Tsoho na gidan gaba, gilashi a sauke. Ana cikin zuba mani, sai ga mai jan rawani ya faka a bayana, da wasu direbobi biyu. Ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwa. Ya ce yawwa, ga mai kayan Jamus ɗin da nake ba ku labari, don Allah buɗe masu su gani.

Na ce muna sauri. Ya ce minti ɗaya. Na ce makullin bonet ɗin ya lalace. Sai na ji ƙarar buɗewa. Tsoho ne ya miƙa hannu ya ja wayar daga ciki, don a kwana ukun nan ya san inda take.

Ya fito da sandarshi ya zagayo, ya tsaya cikin direbobin yana leƙe kamar bai taɓa gani ba. Mai jan rawani na ta yi mashi bayani: Baba ka ga aikin Bature, dubi lanƙwasar nan, inji ne ya yi ta, hannu ba zai iya ba, guda uku ne a Afirka. Tsoho na gyaɗa kai. Ni kuwa ina neman ramin da zan shiga, ko na ɓeran da ya ci tiyon ne.

Ɗan bumburutun ya gama zuba mai ya zo shi ma ya leƙa, mazurarinshi a hannu, wani tsoho da ya yi baƙi don daɗewa. Ya dubi gwangwanin. Ya dubi mazurarin. Ya dubi Tsoho, ya dube ni. Ya dai ajiye mazurarin a kan injin, dab da gwangwanin, ya juya gefen mazurarin, wanda shi ma ke da ɗigo uku, ya kalli sama.

Mai jan rawani ya duƙa yana duba wannan yana duba wancan.

Tsoho ne ya fara magana. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe Jamusawa ma suna yin ɗigo uku." Ya juyo ya ce mani, "Rufe mu tafi, ja'iri, kada likita ya tashi."

Rufa mani asiri yake. A gaban mutane, da aikin hannunshi, saura kwana biyu ya ba da makullin rumfar da ya yi rayuwarshi a ciki, ya zaɓi ya bar wa Jamus don kada jikanshi ya ji kunya. Da zagina ya yi da na samu abin cewa. Na kama bonet ɗin zan rufe, hannuna ya ƙi.

Na ce, "Malam, ƙarya na yi maku. Babu wani aboki a Jamus, ni ko Legas ban taɓa zuwa ba. Ga Bajamushen nan tsaye da sanda. Kakana ne. Gwangwanin madara ne da ragowar murhu, kwana uku ya yi shi a Ƙofar Marusa, ni na riƙe mashi kasko."

Na jira dariyar da na yi wata guda ina gudu. Ta zo, amma ni aka yi wa, ba gwangwanin ba. Mai jan rawani ya ce amma Allah ya isa tsakaninshi da ni, ya yi sati uku yana jiran jirgin ruwa alhali abin na bayan gidan surukanshi. Ɗan bumburutun ya ce mazurarin nan wurin mahaifinshi ya gaje shi, tun ana awon kananzir da shi, bai taɓa yoyo ba. Sai suka bar ni tsaye suka koma kan Tsoho, ana Baba yaushe za mu zo, Baba tawa ta fi tashi ciwo, Baba ni na fara magana. Ya ce su zo gobe bayan hantsi, kowa ya taho da sabuwar matata da tiyo, kuma ba ya aiki biyu lokaci ɗaya.

Muka kama hanyar asibiti. Sai da muka kusa ya ce, "Shugaban ƙasar nan da ke da ɗayan, ka gaya mashi in ya yi yoyo ya kawo."

Hukuncin da ya yanke mani shi ne riƙon kasko. Duk motar da aka kawo, sai an aika a kira ni, in tsaya gabanta da turaren kakata ina bi daga fitila zuwa fitila, shi kuma yana gaya wa mai motar ya gaisa da wakilinsu na Jamus. Daga nan sunan ya bi ni. Har yau akwai mutanen da ba su san sunana na yanka ba sai Bajamushe, kuma wasunku da ke karanta wannan yau ne kuka san dalili. Bakanikena shi ke ɗaurawa, su biyun suka zama abokai, ɗaya na zuwa coci ɗaya na zuwa masallaci, in sun haɗu kan inji sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Da kawunnaina suka zo maganar makulli ranar da wata ya mutu, sun ishe motoci uku a layi, ba su ma samu wurin zama ba. Tsoho ya ce su dawo in ya samu sarari. Bai samu ba sai bayan damina huɗu, lokacin da idon ya ƙi gaba ɗaya. Ranar da kanshi ya kai masu, kamar yadda ya yi alkawari. Allah ya jiƙanshi, ya yi mashi rahama.

Ni mutum ne mai ƙarin gishiri, ban daina ba, kuma ba na jin zan daina. Amma tun daga ranar na gane akwai ƙarin da ke sa mutane dariya, akwai kuma wanda ke cire abinci daga bakin wani, ya cire sunanshi daga aikinshi. Abin da ke ba ni haushi har yau, gaskiyar ta fi ƙaryar tawa daɗin ji. Tsohon da bai taɓa tuƙi ba, ya gano hancin mota da turaren matarshi. Wace Jamus ce za ta ba ka wannan labari?

Kwanakin baya na kai motata ta yanzu gareji, sai na hango wata tsohuwa irin tawa ta da, bonet a buɗe. Wani abu ya ja ni na leƙa. Kwanon ya dushe, fatar an canza ta da guntun silifa, amma lanƙwasar na nan sumul, ga ɗigo uku a gefe. Direban, wani matashi da bai san ni ba, ya ga na daɗe ina kallo, sai ya matso yana taƙama ya ce a haka ya sayi motar, an ce daga Jamus aka kawo shi, guda uku ne a Afirka.

Na ce a'a, Ƙofar Marusa ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa ya gaya mani.

Na ce ni na riƙe kaskon.